Yada zango a hanyar jirgin ruwan Norwe, amsar da ban ƙarasa ba Alhaji ba

Daren jiya bayan isha'i muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida nan Gwammaja, an ɗauke wuta kowa ya fito shan iska, sai Alhaji maƙwabcina ya miƙo min wayarsa yace Malam dan Allah duba min wannan tunda kai ka taɓa zuwa. 'Yarsa ce take karatu a Norwe, ta matsa sai shi da Hajiya sun je sun ga inda take, shine ta turo masa hoton wani tikiti na jirgin ruwan nan da yake bin gaɓar tekun ƙasar tun daga Bergen har Kirkenes. A dunƙule yake, ka shiga da kayanka ranar farko ba za ka sauke su ba sai rana ta 7. Nace Alhaji in dai za ka bi ta tawa kar ka yanki wannan, ka raba tafiyar gida uku ko huɗu ka riƙa yada zango a hanya. Ina cikin yi masa bayani aka kawo wuta, kowa ya miƙe ya nufi gida a jona waya a kunna famfo, magana ta tsaya a rabi. Shi ya sa nace bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya, shi ya karanta a tsanake, wanda duk yake da irin wannan niyyar shima ya amfana.

Da farko sai mutum ya gane wane irin jirgi ne, dan nan ne mutane suke kuskure. A hoto za ka gan shi kamar jirgin shaƙatawa na masu kuɗi, kuma gaskiya akwai 'yan yawon buɗe ido da yawa a ciki, amma asalinsa jirgin haya ne, na fasinja da kaya da wasiƙu. A 1893 wani kyaftin mai suna Richard With ya fara wannan hanya da jirginsa Vesteraalen daga Trondheim zuwa Hammerfest, sunan da suka sa wa hanyar, Hurtigruten, ma'anarsa hanya mai sauri, saboda a wancan lokacin arewacin ƙasar duwatsu ne da ƙanƙara da tsibirai, babu abinda ya kai teku sauri. Har yau ma layin dogonsu da ya taso daga Trondheim a Bodo yake ƙarewa, daga nan sai mota ko jirgin sama ko ruwa. Gwamnatinsu tana biyan kuɗi dan jiragen su ci gaba da tsayawa a ƙananan garuruwan nan rani da damina, tasha 34 ne daga Bergen zuwa Kirkenes, zuwa kwana 6 a kan ruwa, dawowa kwana 5. Kuma abinda ya fi komai muhimmanci a maganata shine kusan kullum akwai jirgin da yake tashi daga Bergen da daddare. Kenan in ka sauka a wani gari yau, gobe warhaka wani jirgin zai iso tashar nan, jibi ma haka. To me zai sa ka ɗaure kanka da jirgi ɗaya?

Ni bara na je, ƙarshen watan Mayu, wajen ƙanina da yake digiri na uku a Trondheim. Shi ya fara kawo shawarar mu yanki na dunƙulen saboda ya fi sauƙin lissafi, ɗaki ɗaya, abinci sau uku a ciki, ba ɗaukar jaka. Ni kuma da ya turo min jadawalin na zauna da biro da takarda a shago ina duba ƙarfe nawa jirgin yake isa kowane gari da minti nawa yake yi, sai naga abinda bai kwanta min ba. Mafi yawan tashoshin minti 10 ne ko 15, a sauke kaya a ɗauki kaya a wuce. Kusan rabinsu kuma da tsakar dare ake zuwa. Tsibiran Lofoten da tun a Kano nake jin sunansu, babban garinsu Svolvaer jirgin da ya nufi arewa yana shigarsa ne wajen ƙarfe 9 na dare kuma ko awa ɗaya cikakkiya ba ya yi. Nace masa ƙanina ashe zan baro Kano in sha wahalar biza in ƙetare duniya, sannan wurin da na fi son gani in gan shi na minti hamsin ina duba agogo? Yace Yaya ai haka kowa yake yi. Nace to mu ba haka za mu yi ba.

Abinda ya faɗo min a rai a lokacin labarin da kakarmu take ba mu ne muna yara, na mahaifinta da yake fatauci zuwa Gwanja sayen goro. Ayari ne da jakuna, madugu a gaba, wata da watanni a hanya kafin a kai Salaga, kuma ba wanda yake lissafin tafiyar da nisa, da zango ake lissafa ta. A wannan zangon a kwana ɗaya, a wancan a yi mako saboda akwai kasuwa ko dabbobi sun gaji. A zangon ake sanin mutane, a nan ake jin yaren wasu, wasu ma a nan suke aure su zauna, shi ya sa har yau in ka je Kumasi ko Accra unguwar Hausawa zango ake ce mata. Duk labaran da ta riƙe na mahaifinta labaran zango ne, ban taɓa jin ta ba da labarin tsakiyar hanya ba. Ko a jirgin ƙasa na Kano zuwa Legas, wanda ya wuce Jebba yana barci ai ba zai ce ya san Jebba ba.

Haka muka yanka ta gida huɗu. Bergen zuwa Trondheim, Trondheim zuwa Svolvaer, Svolvaer zuwa Tromso, sai Tromso zuwa Kirkenes.

Kafin in shiga labarin zangunan bari in faɗi yadda yankan tikitin yake, dan Alhaji nan ya fi tambaya. Ba wai tikiti ɗaya za ka saya ka riƙa sauka kana hawa yadda ka ga dama ba, a'a, kowane yanki tikitinsa daban, daga tasha kaza zuwa tasha kaza ranar kaza, a intanet ake yanka. Sannan tun ƙarshen 2021 kamfani biyu ne suke raba hanyar, Hurtigruten da jirage 7, Havila da jirage 4, jimilla 11, hanya ɗaya suke bi lokaci ɗaya tasha ɗaya, amma ranar da ka zaɓa ita ke nuna jirgin wanne kamfani ne zai zo maka. Dan haka in ka shiga shafin ɗaya kaga babu jirgi ranar Talata ba yana nufin babu jirgi ba ne, duba shafin ɗayan. Tikitin wannan kuma ba ya aiki a jirgin wancan. Mu sai da muka buɗe shafuka biyun gefe da gefe a kwamfutar ƙanina muna waya ta WhatsApp kusan awa biyu kafin ranakun suka hau kan juna. In tafiyar ba ta kai yini da kwana ba za ka iya yin ta ba tare da ka kama ɗaki ba, ka zauna a falo kamar sauran 'yan gari, in ta wuce haka sai da ɗaki. Abinci ma ba lallai yana cikin kuɗin irin wannan tikitin ba, sai ka duba da kyau ko ka ƙara kuɗinsa ko ka riƙa saye a kantin cikin jirgi.

Yankin farko ba zan daɗe a kansa ba. Mun tashi Bergen wajen 8 da rabi na dare, gari ya waye muna Alesund, kuma a lokacin da muka je jirgin yini yake yi a can har dare, to ba amfanin yanka tikiti a nan, jirgin da kansa ya ba ka zango kyauta. Garin ya ƙone ƙurmus a gobarar 1904 aka sake gina shi da dutse da bulo, gidaje masu ado da 'yan hasumiyoyi, muka hau matakala 418 zuwa saman dutsen Aksla muka ga garin a shimfiɗe kan tsibirai. Amma a lura, daga Yuni zuwa Agusta jirgin yana ratsewa ya shiga mashigin ruwan Geiranger da rana, dan haka lissafin ya canza, kowa ya duba jadawalin watan da zai je. Wannan shine abin lura na farko, kar ka yanka a inda jirgin dama zai daɗe, ka yanka a inda zai yi maka rowar lokaci.

Trondheim kwana 5 na yi a ɗakin ƙanina, shi kuma ya koma makaranta ya rage aiki. Tunda na yi niyyar zaman da ya kai kwana huɗu sai na daina ƙasaru na koma cika sallah, kamar yadda muka koya a mazhabarmu ta Malikiyya, da muka sake ɗaukar hanya na koma ƙasaru. Wannan ma abu ne da mai rarraba tafiya ya kamata ya lissafa tun a gida, ya tambayi malaminsa, dan kowane zango da hukuncinsa gwargwadon kwanan da ka yi niyya. A nan na huta, na wanke kaya, na ci tuwon da matar wani ɗan Zariya abokin ƙanina ta yi mana da garin masara, na ga babbar majami'arsu ta Nidaros daga waje da tsofaffin rumbunan katako da ke bakin kogi. Jikina ya saba da sanyin kafin mu ƙara gaba, kuma wallahi da a dunƙule muka tafi da awa uku kacal zan yi a garin da ɗan uwana yake rayuwa.

Daga Trondheim jirgin yana tashi da tsakar rana, a kwana a hanya, da safe tsakanin Nesna da Ornes a ƙetare layin nan na Aktik da masu taswira suka ja a digiri 66 da ɗoriya, wanda daga shi zuwa arewa akwai ranakun da rana ba ta faɗuwa da bazararsu, akwai kuma waɗanda ba ta fitowa da hunturu. Akwai wata alama mai siffar ƙwallon duniya a kan wani ɗan tsibiri, kowa ya fito baranda yana hoto. Sai Bodo da rana, awa biyu, daga nan kuma a shiga buɗaɗɗen ruwan Vestfjord wajen awa huɗu ba tsibirin da zai tare igiya. Mutumin da babban ruwan da ya sani shine Tiga da Challawa, ranar ya san teku daban ne. Jiri ya kama ni, na sha maganin da ƙanina ya saya a kemis na zauna inda nake hango waje, a hankali ya lafa. Alhaji ka tanadar wa Hajiya wannan maganin tun kafin ku shiga, kuma ta ci abu mara maiƙo. Can da yamma sai ga duwatsun Lofoten sun taso daga cikin ruwa kamar katanga, baƙaƙe masu tsini, kawunansu fari fat da ƙanƙara.

Da muka sauka Svolvaer da jakunkunanmu muka juya muna kallon sauran fasinjoji suna sauri sauri, wasu sun shiga kanti wasu suna hoto a bakin tasha, can jirgi ya yi ƙara duk suka koma, ya ja baya ya tafi ya bar mu a tsaye. Ƙarfe 10 na dare ta wuce amma gari da haske kamar bayan la'asar a Kano. Sai iska ta kaɗo min wani wari da na sani. Na tsaya nace wa ƙanina kai wannan ai warin Sabon Gari ne, layin masu kayan miya inda 'yan uwanmu Ibo suke sayar da busasshen kifin nan okporoko. Ya yi dariya yace Yaya ai gidansu ka zo.

Kwana 3 muka yi, a wani ɗan ɗakin katako ja na masunta a bakin ruwa, irin wanda suke kira rorbu, da kicin a ciki. Washegari da safe muka taka zuwa inda warin yake fitowa. Rumfuna ne na dogayen katakai, wasu an kafa su kamar jinkar ɗaki tsayinsu ya fi gida mai bene, wasu a shimfiɗe, kuma kifi ne rataye dubbai a kansu, an ɗaure su biyu biyu ta wutsiya an rataya a kan sanda. Ba gishiri, ba hayaƙi, ba wuta, iska ce kawai da sanyi. Kifin da suke kira skrei yana gangarowa daga tekun Barents cikin hunturu ya zo nan ya yi ƙwai, a kama shi a fede a rataye tun wajen Fabrairu da Maris, ya yi wata uku yana shan iska har ya bushe ya koma kamar itace. Sanyin wurin ne daidai, bai kai ya daskarar da naman ya lalata shi ba, bai kuma yi ɗumin da ƙuda zai samu dama ba. Na ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa yana ƙara kamar ƙyauren katako. A gefe guda kuma kawuna ne zalla, an zura su a igiya curi curi kamar yadda ake rataye albasa ko masara a rumbu, bakunansu a buɗe, in iska ta kaɗa sai kaji suna ƙwas ƙwas suna bugun juna. Wani dattijo da yake aiki a wurin da rigar leda mai ruwan lemo ya tambaye mu daga ina, da muka ce Najeriya sai fuskarsa ta sake, ya nuna kawunan da hannu, ƙanina ya fassara min cewa yace waɗannan duk wajenku za su. Gangar jikin mai kyau Italiya ce babbar kasuwarta, kawuna kuma Najeriya. Na daɗe a tsaye a wurin. Shekara nawa ina wucewa ta gaban buhunan nan a Sabon Gari ban taɓa tambayar kaina daga ina suke ba, ashe daga wani tsibiri ne a ƙarshen duniya inda wani tsoho yake rataye su da hannunsa cikin ƙanƙara yana sane sarai cewa tukunyar wani a Aba ko Kano za su ƙare. Kifin ya daɗe yana shigowa ƙasarmu, amma a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 an kai shi da yawa a matsayin agaji ga yaran da yunwa ta kama, wannan ma yana cikin abinda ya ƙara masa gindin zama a miyar mutanen kudu.

Wannan safiyar kaɗai ta biya ni duk ɗawainiyar rarraba tikiti. Kuma duk wanda ya zauna a jirgin daren jiya bai gan ta ba, iyakarsa ya hango katakan daga nesa.

Rana ta biyu muka hau bas zuwa Henningsvaer, ƙauyen masunta a kan ƙananan tsibirai da gadoji, akwai filin ƙwallo a can ƙarshen dutse wanda katakan shanya kifi suka kewaye shi, yaran majalisarmu duk sun san hotonsa a waya. Rana ta uku ruwan sama aka wuni yi ba mu je ko'ina ba, muka dafa shinkafa da sabon kifi da yajin da na taho da shi daga gida, muka sha shayi muna kallon ƙananan jiragen masunta ta taga muna hirar gida da ta iyayenmu, hirar da rabon mu yi irinta tun kafin ya tafi karatu. Ban ɗauki ranar a matsayin asara ba ko kaɗan. Kuma dama da gangan muka bar kwana ɗaya rara, saboda wani lokaci in iska ta yi ƙarfi jirgi yakan tsallake tasha bai tsaya ba, musamman can arewa da hunturu, to wanda ya ɗaure ranakunsa tam ba sarari shine zai shiga uku.

Svolvaer zuwa Tromso awa 16 ne ko kusa da haka, sai muka ce ba za mu kama ɗaki ba. A nan na ga jirgin a ainihinsa. Masu dogon tikiti duk sun shige ɗakunansu sun kwanta, falo ya rage sai mu da 'yan ƙasa, wata mata da jariri a kafaɗa, samari biyu da jakunkunan makaranta, wani mutum da karensa da aka kai wani sashe daban. Wajen ƙarfe 3 na dare muka tsaya Sortland, na fita baranda da rigar sanyin da na saya a gwanjon Ƙofar Wambai, gari tas da haske ba kowa a titi, aka buɗe wata babbar ƙofa a gefen jirgin 'yar motar ɗaga kaya ta shiga ta fito ta shiga ta fito, katan katan na kayan kanti, tayoyin mota, wata sabuwar firji a kwali, mota ɗaya ma ta fito da direbanta. Matar nan mai jariri ta sauka wani mutum ya tarbe ta ya karɓi jakar suka shiga mota. Minti kaɗan aka rufe ƙofa muka wuce. Sai naji kamar ina tashar Unguwa Uku da asuba, mutane ne kawai suke komawa gida. Gaskiya barcin kujera ba daɗi, ni na jure amma ba zan ba Alhaji da Hajiya shawararsa ba, ku kama ɗaki ko ƙarami ne.

Tromso saboda Juma'a muka tsaya. Jirgin da ya nufi arewa yana isa ne bayan ƙarfe 2 na rana ya tashi bayan 6, to ko da ranar ta faɗo Juma'a ba ka da tabbacin samun jam'i, shi ya sa muka shirya mu isa ranar Alhamis. Akwai masallaci a tsakiyar garin, Alnor, yana cikin masallatan da suka fi kowanne kusa da ƙarshen arewacin duniya, ginin ba hasumiya ba kubba, in ba an nuna maka ba za ka wuce shi. A ciki kuwa ga 'yan Somaliya ga Larabawa ga 'yan Pakistan ga Turawan ƙasar da suka musulunta, sahu ɗaya. Daga wajen 20 ga Mayu har bayan tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa a garin, to yaushe ne magariba yaushe ne asuba? A irin waɗannan watannin jadawalin Makka suke bi. Na yi magariba da isha'i rana tana haska labule, zuciyata ta ɗan yi nauyi da farko sai da na ga jama'a guda suna yin haka hankalinsu kwance sannan na samu natsuwa. Wani abin kuma, mu nan in an ce ka fuskanci gabas an gama magana, a can alƙibla kusan kudu take, ta ɗan karkata gabas. A cikin jirgi kuwa da yake ta lanƙwasa tsakanin tsibirai sai ka duba waya kafin ka tayar, dan inda ka kalla da azahar ba nan ba ne da la'asar.

Yankin ƙarshe kwana biyu ne a ruwa kuma mun yi shi a miƙe da ɗaki. Bishiyoyi suka ƙare, sai duwatsu tsirara da ƙananan garuruwa masu sababbin gidaje, saboda a ƙarshen yaƙin duniya na biyu sojojin Jamus sun ƙone kusan duk yankin Finnmark da suke janyewa a 1944. A Honningsvag jirgin yana yin sama da awa uku, ya isa mutum ya bi bas zuwa Nordkapp, dutsen bakin teku da ake ɗauka ƙarshen arewacin Turai, ya dawo, to nan ma ba sai an yanka ba. Kirkenes da safe muka isa, iyakar Rasha ba ta fi tafiyar minti ashirin a mota ba, washegari muka hau jirgin sama zuwa Oslo.

Yanzu maganar da ba zan ɓoye ba, rarrabawa ba ta rage mana kuɗi ba. Duk daren da ka kwana a ƙasa kuɗin masauki ne, kuma Norwe ƙasa ce mai tsada ta gaske, in ka juya kuɗin kofin shayi zuwa naira sai ka ajiye kofin. Abinda ya taimake mu shine ɗakin ƙanina a Trondheim, da girki da kanmu a Lofoten, da daren da muka yi a falo. Ga ɗaukar jaka, sau huɗu ka haɗa sau huɗu ka kwance, wani lokacin ka bar masauki da hantsi jirgi kuma sai dare, dole ka roƙi a ajiye maka kaya. Dan haka jaka ɗaya mai taya ta ishi kowa. Sannan a watannin Yuni da Yuli ɗakunan jirgi suna cika da wuri, masu dogon tikiti sun riga sun kama, mai gajeren zango sai abinda ya rage, to a yanka tun da sauran watanni. Ga wanda ƙafa ko baya ke damunsa, ko wanda kwanakinsa ba su fi bakwai ba, ba zan ce masa ya yi irin tamu ba, shi ya yanka gida biyu kawai ya ba Lofoten haƙƙinta.

Wajen biza kuma tsarin zangon ya yi min amfani, dan ta Shengen ce, wato bizar da ƙasashen Turai da dama suka haɗu a kanta, kuma suna son ganin inda za ka kwana kowane dare da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, sai na jera komai a takarda ɗaya, ranar kaza jirgi ranar kaza masauki. Guzuri kuma a kiyaye, ba a shiga ƙasar da nama ko kayan madara daga irin ƙasashenmu, dan haka kilishi da dambun nama da man shanu a bar su a gida duk da nasan Hajiya za ta so kai wa 'yarta. Ni dabino na ɗauka da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da yaji. Kifi kuwa ba ka rasa shi ko'ina, shi ya raba ni da tambayar wane nama ne wannan. Ruwan famfonsu ana sha. Kusan komai da kati ake biya, ba sai ka cika aljihu da canji daga Wapa ba, amma ka tabbatar katin yana aiki a waje, mu da na ƙanina muka yi ta biya ina mayar masa. Ranar Lahadi manyan kantunan abinci a rufe suke, in zangonka ya faɗo Lahadi ka yi cefane tun Asabar.

Abu ɗaya ya rage min a rai. Garuruwan da jirgi ke wucewa da dare in ya nufi arewa, yawancinsu da rana yake bi ta kansu in yana dawowa. Tsakanin Stokmarknes da Svolvaer akwai wani siririn mashigi, Raftsundet, duwatsu dama da hagu kamar ka miƙa hannu ka taɓa, kuma a Stokmarknes ɗin akwai gidan tarihin wannan hanya inda suka ɗauko tsohon jirgi sukutum, Finnmarken na 1956, suka gina masa rumfar gilashi. Mu da tsakar dare muka wuce, gidan tarihin a rufe, ni kuma gajiya ta sa ban tsaya baranda ba. Da na san haka da mun yanki wani ɗan guntun tikiti na dawowa kudu daga Harstad, tashar da ke tsakanin Svolvaer da Tromso, da safe zuwa Svolvaer da yamma, yini ɗaya ba ɗaki. Shine na rubuta wa Alhaji a takarda da safen nan na aika yaro ya kai masa shago: kwana 4 wajen 'yarku, kwana 3 Svolvaer, ku isa Tromso ranar Alhamis, in kuɗi ya bari ku juyo ta Harstad. Ya aiko yaron ya ce min fasfon Hajiya saura wata biyar ya ƙare, sai ya fara sabunta shi tukuna, kuma yau bayan isha'i zai fito da kalanda mu zauna.